Kifi Huɗu a Gidan Sitti

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai.

Babana,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fatan wagga takarda ta same ka ka sauka lafiya, ka huta gajiyar mota. Allah ya sa hanyar Isa da ta Shinkafi sun yi maku sauƙi, ya tsare ku daga abin da ke cikin daji, ya kai kowane fasinja ga iyalinsa. Da gangan na sa ta ƙarƙashin ƙullin yaji, don na san ba za ka kai gare ta ba sai ka zauna cin abinci, ka natsu.

Ranar da ka zo da labarin aikin, ka zauna bakin ɗakina kana nuna wa kawunka na Kamarawa hotuna a waya. Ka ce shagon na Abuja ne, kifayen teku na ado suke sayarwa, kuma kai za a riƙa aikawa gidaje da ofisoshi kana duba tankunan gilashi. Kawunka ya yi dariya, ya ce shi bai ga amfanin kifin da ba a sa wa a miya ba. Ka miƙo mani wayar, na ga wani ɗan kifi ruwan goro mai farar ɗamara uku, na mayar maka na shige madafa. Ka ɗauka ban yi murna ba. Na yi murna. Kifin ne na sani. Shekara huɗu na yi ina ciyar da irinsa, kuma ba wanda na taɓa ba labarin. Da baki ba za ni iya ba, ka san yadda muke da kai, shi ya sa na ɗauki biro.

Ka san bayan rasuwar mahaifinka, Allah ya jiƙansa, da na fita takaba, na bar ka wajen Inna a Isa kana da shekara uku, na bi Gwaggo Asabe zuwa umara, na tsaya aiki a Jidda. Gidan wata tsohuwa na samu, malamar makaranta ce da ta yi ritaya, ƙafafunta sun daina ɗaukarta. Kowa na ce mata Sitti, wato kaka. Ɗanta ne ya kafa mata tanki a gaban gadonta don ta samu abin kallo. Ƙarami ne, in na rungume shi hannuwana na kusa haɗuwa, ruwansa bai wuce jarka huɗu ba. Kifi huɗu ne a ciki: biyu irin na hotonka, ɗaya ɗan rawaya, sai wani mai manyan idanu da ba ya son iyo, kullum yana zaune bisa dutse yana kallon mutane. Ni na sa mishi suna Dattijo. Sitti ta tambayi ma'anar, da na gaya mata ta yi dariya har da hawaye, daga nan ita ma da sunan take kiransa. Kalmar Hausa ɗaya ke nan da ta iya.

Ba su abinci aikina ne. Aka nuna mani ɗan abin da za ni tsakura da yatsu biyu, na ga kamar rowa ce. Da zarar na matso sai su taso saman ruwa bakinsu a buɗe, ni kuwa a lokacin ba abin da nake tunani sai ko ka ci ko ba ka ci ba, ko Inna ta dama maka fura da nono mai kyau. Ba ni da bakin da za ni sa wa abinci sai nasu. Sai na riƙa ƙara masu, safe da rana da la'asar, har in na wuce da tsintsiya sai na barbaɗa. Kafin sati biyu ruwan ya yi hazo, wani kore-kore ya lulluɓe duwatsun, ɗan rawayan nan ya daina fitowa, wata safiya na same shi kwance a ƙasa.

Akwai wani mutum da ke zuwa daga shago duk sati biyu yana duba tankin, irin aikin da za ka yi. Malam Bashir sunansa, mutumin Sudan, amma kakanninsa daga ƙasarmu sunka tafi da ƙafa, kuma yana Hausa irin ta tsofaffi, har na riƙa jin kamar kakana ke magana. Bai yi mani faɗa ba. Ya ɗaga dutse ɗaya ya nuna mani abincin da ya ruɓe a ƙarƙashi, ya ce kifin da ke cikin gulbi ruwa na tafiya da ƙazantarsa, amma wanga duk abin da na zuba yana nan tare da shi, a ciki yake numfashi. Ya ce in ba su abin da za su cinye kafin in gama karanta Fatiha da Ƙulhuwallahu, in sun bar saura to na yi yawa. Ya kawo wani ɗan rawaya ya maye gurbin wancan, amma sai da ya ajiye shi daban a shago na wasu makonni ya ga lafiyarsa.

To Babana, ka riƙe wanga. Kada buɗe bakinsu ya yaudare ka, haka suke ko sun ƙoshi. Kuma in ka je gida ka tarar da ruwa ya yi hazo, ka tambayi mai ba su abinci a hankali. Sau da yawa ba sakaci ba ne, tausayi ne ya yi yawa.

Na san a makaranta kun karanta kiwon kifi, kun yi aikin tarwada a kandami, kuma ka fi ni sanin sunayen abubuwa. Amma tarwada ta gulbinmu mai haƙuri ce, ka ga yadda take kwana cikin taɓo in ruwa ya janye. Na teku ba haka suke ba, abu kaɗan ke kayar da su. Ni na koyi haka ne wajen gishiri. Ruwan tankin yana raguwa kullum, sai ka ga alama a jikin gilashi. Malam Bashir ya kan bar jarkar ruwan gishiri da ya haɗa, don ranar canjin ruwa. Ni da hankalina na ce tunda ruwan gishiri ne ya ragu, da ruwan gishiri za ni cika. Haka na yi ta yi. Da ya zo ya ɗiga ruwan a ɗan ma'auninsa ya ɗaga ga haske, sai na ga ya ɓata fuska. Ya tambaye ni in na bar miya bisa wuta ta ƙafe, gishiri nake ƙarawa ko ruwa. Kunya ta kama ni, don ko yarinya mai koyon girki ta san amsar. Ruwa ne ke tashi, gishiri na nan. Allah ya taimake ni ba wanda ya mutu a wancan karon, amma sai da ya yi kwanaki yana sauko da gishirin kaɗan-kaɗan, don ya ce gyaran gaggawa ya fi ɓarnar kisa.

Don haka abin da ya ƙafe ka cika shi da ruwa mai daɗi, tatacce. Ranar canji kuma kada ka kwashe duka don kana son ya yi fes, ka ɗebi kaɗan ka mayar da kaɗan, kuma ka taɓa ka ji sabon bai fi tsohon sanyi ko ɗumi ba. Kada ka sa hannu a tanki da sabulu ko man shafawa, kuma wancan turaren da kake so, ka bari sai ka tashi aiki. In an ɗauke wuta injin da ke juya ruwan ya tsaya, kada ka zauna jira, ka ɗauki kofi ka riƙa ɗibar ruwan kana zubawa daga sama don iska ta shiga. Na taɓa yin haka tun daga azahar har la'asar, Sitti na kwance tana ƙirga mani.

Waɗannan kurakuran jahilci ne, ba su dame ni ba. Wanda za ni gaya maka yanzu da sanina na yi shi.

A gidan mu biyu ne masu aiki. Ɗayar Hawwa ce, Bahabashiya, ita ke girki da goge-goge, ni ke kula da jikin Sitti da kifaye. Ɗaki ɗaya muke kwana, kwano ɗaya muke ci. Ta bar 'ya'ya mata biyu a ƙasarsu wajen yayarta. Larabcinmu duka gurgu ne, amma muna fahimtar juna. Ita ke yi mani kitso ranar Juma'a, ni in yi mata lalle. Ita da ni duk ba mu da takardun zama, kuma wanda bai taɓa zama ba takarda a ƙasar mutane ba bai san irin tsoron ba. Ko ƙararrawar ƙofa aka buga sai gabanka ya faɗi.

A shekarata ta huɗu, da ƙaramar Salla, jikokin Sitti sunka zo mata da kyauta: kifi biyar a cikin leda, masu kyau ƙwarai, uku shuɗaye kamar an rina su, ɗaya mai zane baƙi da fari, ɗaya kuma mai faɗi. A wani shago daban sunka saya. Malam Bashir ya tafi Sudan ganin gida. Ɗan Sitti ya kira ni gaban kowa, ya ce tunda ni ce ke tare da tankin kullum, shin zai ɗauki waɗannan.

Na san amsar. Malam Bashir ya sha gaya mani cewa huɗun nan su ne iyakar tankin, ko ɗaya kada a ƙara. Ya ce ba faɗin gilashi ake dubawa ba, ƙazantar da ruwan zai iya ɗauka ake dubawa, da iskar da ke ciki, da kuma wurin ɓuya, don kowane kifi yana son ramin da zai ce nasa ne. Ya taɓa ce mani irin shuɗayen nan masu faɗa ne, irin mai faɗin kuma yana jariri ake sayar da shi, zai girma ya fi tafin hannu. Ya ce ko tanki babba ne, ɗaya-ɗaya ake sa wa, da makonni a tsakani, bayan an keɓe baƙon an ga ba ya ɗauke da cuta. Duk wannan yana cikin kaina a lokacin.

Amma yaran na tsalle, Sitti na murmushi, falo cike da baƙi, ni kuma 'yar aiki ce mai riƙe da faranti. Na ce zai ɗauka.

Kwana biyu na farko abin gwanin kyau. A na uku shuɗayen sunka kori Dattijo daga dutsensa, ya koma lungu bayan injin ya maƙale. A na biyar na ga fararen ɗigo a jikin masu ɗamara, kamar an barbaɗa masu gari, suna goga jiki da dutse. Duk sunka taru saman ruwa suna haki. Na canza ruwa, na rage abinci, na yi duk abin da na sani. Kowace safiya ina tsame ɗaya ko biyu kafin Sitti ta farka. Ranar da na tsame Dattijo ta riga ni buɗe ido. Ta juya fuskarta ga bango, ranar ko shayi ba ta sha ba. Shekara shida yana gabanta, tun kafin in zo gidan.

Da yamma ɗanta ya zo ransa a ɓace. Yana shigowa ya ji ƙanshin maganin sauro a baranda, ya tambayi wa ya fesa. Hawwa ta ce ita ce. Gaskiya ne ta fesa, amma a waje, kuma ta rufe ƙofar Sitti ta toshe ƙasanta da tsumma, yadda ni da kaina na koya mata. Ya juyo gare ni ya ce, "Maganin ne ya kashe su?"

Na ce, "Wataƙila."

Kalma ɗaya ce, Babana. Da na ce a'a, tambaya ta gaba ita ce to mene ne, kuma daga nan sai ta dawo kan wadda ta ce tanki zai ɗauka. Na tuna jirgin da ake mayar da mutane da kayan jikinsu kawai, na tuna kai da Inna, na bar kalmar ta fita.

Washegari aka sallami Hawwa. Ta haɗa kayanta a jaka ɗaya. Ba ta yi gardama ba, ina jin ita ma ta ɗauka laifinta ne, kuma wannan ya fi komai ci mani rai. A bakin ƙofa ta riƙe hannuna ta ce in riƙa juya Sitti akai-akai kada bayanta ya yi gyambo, kuma in rage gishiri a miyarta. Ta tafi tana ba ni haƙuri don ta bar ni da aikin mutum biyu.

Da Malam Bashir ya dawo, shuɗaye biyu kaɗai sunka rage. Ya tsaya ya dube su, ya ji labarin daga bakin direban ɗan Sitti, sannan ya same ni a madafa. Ya ce, "Ɗiyata, da magani ne, a yini ɗaya za su mutu gaba ɗaya. Kin san haka." Ya ce shi zai gaya wa maigidan cewa yawa ne da cuta sunka kashe su, don aikinsa ne, amma abin da ke tsakanina da Hawwa ba zai ɗauke mani ba. Na yi sati uku ina kai da kawo da maganar a ƙirjina. Ranar da na faɗa, ina shafa wa Sitti mai a ƙafa ne, don kada in dubi idonta. Na gaya mata na san tankin ba zai ɗauka ba, na san ba maganin ba ne.

Ta sa aka kira ɗanta, ta ce a nemo Hawwa. An nema. Gwaggo Asabe ta bi gidajen da Habashawa ke taruwa, wasu sunka ce ta tafi Makka, wasu sunka ce an kama ta an mayar gida. Ba mu same ta ba, kuma har yau ban san ko ta kai ga 'ya'yanta ba.

Ga abin da nake so da kai. A gidajen da za a aike ka, kai ne mai sani. Za ka tarar da masu gida da ke son tanki ya cika maƙil don baƙi su yaba, kuma mai shago ma zai so a saya. Ka faɗi iyakar tanki tun kifin na cikin leda, da ladabi, amma a fili. In sun ƙi ji, ka dai faɗa. Ka ce masu huɗu masu lafiya da za su shekara sun fi tara da za a kwashe a sati. Sannan a kowane gida akwai wata mai goge-goge, ko wani mai gadi, wanda in kifi ya mutu a kansa ido zai fara sauka. Ba su da bakin kare kansu, kai kana da shi. Kafin maigida ya juya ya dube su, ka riga shi faɗin abin da ya kashe kifin. In kai ne ka yi kuskure, ka ce ni ne, a ranar, kafin maganar ta yi nauyi. Ko da aikin zai tafi, ka dawo, gero na nan a rumbu, ba za mu kwana da yunwa ba. Ni na faɗi gaskiya, amma na faɗe ta bayan ta daina amfanar wadda ke bukatarta.

Na ɗauka Sitti za ta kore ni. Bayan kwana biyu ta tambaye ni me nake tsoro haka har na yi abin da na yi. Na ciro hotonka daga cikin jakata, wanda aka ɗauka a kasuwar Bafarawa kana riƙe da rake, na ba ta. Ta tambayi shekarunka yanzu, na ce bakwai. Ta riƙe hoton ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Kifi zai samu mai ba shi abinci. Ki koma." Ita ta sa ɗanta ya yi mani hanya, na dawo da mutuncina. Ban cancanci haka ba, kuma na san wadda ta fi ni cancanta.

Na iso Isa da hantsi. Kana tsakar gida kana ba akuya dusa. Inna ta ce maka ga wadda ake ba ka labari ta zo. Ka dube ni, ka je ka ɓuya bayan zanenta, ka leƙo ka ce, "Sannu da zuwa, Yaya." Mata sunka yi dariya, wata ta so ta gyara maka, na ce a bar ka. Wadda ta yi jinyarka lokacin ƙyanda, ta ga faɗuwar haƙorinka na fari, ita ce Inna, ni ban yi aikin sunan ba. Ko da munka dawo Sabon Birni tare, sunan ya biyo mu, kuma ban taɓa jin haushinsa ba. Abin da na yi kuskure a kai shi ne ban taɓa zaunar da kai na ce ka yafe mani shekarun nan huɗu ba. Na bar kunya ta hana ni har ka yi gemu. To yanzu na ce. Kai kuma in Allah ya ba ka iyali, duk inda neman abinci ya kai ka, kada ka bari ɗanka ya san ka a hoto.

Yanzu mu biyu ne munka san zancen Hawwa a ƙasar nan. In ka yi salla ka sa ta a addu'a, ita da 'ya'yanta, da Sitti wadda na ji ta rasu shekara biyu bayan dawowata, da Malam Bashir in yana raye ko ba ya raye.

In za ka zo ganin gida, ka buga wa kawunka waya tukuna ya gaya maka yadda hanya take, kuma kada ka shiga motar da za ta taso bayan azahar. Ba ma gaggawar ganinka, lafiyarka muke so. Ka riƙe salla a kan lokaci, ka ci abinci mai zafi ko sau ɗaya a yini.

Allah ya tsare ka a zaune da tafe, ya haɗa ka da iyayen gida masu tsoronsa, ya sa albarka a hannunka, abin da ka taɓa ya rayu. Allah ya kawo mana zaman lafiya a ƙasarmu, ya dawo mani da kai lafiya. Na yafe maka duniya da lahira, ban ma san abin da ka yi mani ba.

Ni ce mahaifiyarka, wadda kake kira Yaya.